Darasi na 9: Waya Lafiya Lau, Batir Ya Gaji

A shekarar 2003 kamfanin Nokia na ƙasar Finlan ya fitar da wata 'yar ƙaramar waya mai lamba 1100, mai tocila a ka. An sayar da sama da miliyan 250 a duniya, kuma ta iso ƙasar Hausa a daidai lokacin da wayar hannu ta fara shiga aljihun talaka, shekara biyu bayan buɗe layukan GSM a Najeriya a 2001. Duk wanda ya taɓa riƙe ta ya san yadda ake buɗe ta: a danna murfin baya da babban yatsa, a zame shi, a sa farce a ɗago batir. Babu kayan aiki, babu injiniya. Batirin nan, mai suna BL-5C, yana shiga wayoyin Nokia iri-iri, har masu ƙera ƙananan rediyo da lasifika suka ɗauki girmansa suna yin nasu kayan a kai. A garin da wutar lantarki ba ta zama, mutum kan mallaki batir biyu: ya bar ɗaya wurin mai caji an liƙa masa takarda da lamba, ya sa ɗayan a waya ya ci gaba da harkarsa.

Babbar waya mai shafawa ta yau ta fi waccan komai, sai a wannan abu guda. Bayanta gilashi ne ko roba da aka manne da gam, batirin da ke ciki shi ma an liƙe shi da wani gam ɗin daban. Ranar da ya gaji, mai waya ba shi da ta cewa. Ko dai ya kai wa mai gyara, ko ya rinƙa yawo da fawa-bank kamar wata waya ta biyu, ko ya fara tara kuɗin sabuwa alhali sikirin da kyamara da fanel duk lafiyarsu ƙalau. Wannan darasi zai duba yadda aka zo nan, su wa suka zaɓi hakan, da yadda wasu ƙasashe suka fara tilasta wa kamfanoni komawa baya.

Me ya sa batir ke gajiya

Kusan duk waya da kwamfutar tafi-da-gidanka ta yau batirin lithiyam take amfani da shi. Kamfanin Sony na Japan ne ya fara kawo shi kasuwa a 1991, kuma a 2019 aka ba mutum uku da suka share fagen ƙirƙirarsa, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai. A cikinsa akwai faifai biyu sirara da aka naɗe ko aka jera, da wata fata mai laushi tsakaninsu da ke hana su haɗuwa, duka a jiƙe cikin wani ruwan sinadari. Idan ana caji, ƙwayoyin lithiyam suna ƙaura daga faifai ɗaya zuwa ɗayan. Idan ana amfani da waya, sai su dawo, wannan dawowar ce ke ba da wuta.

A kowace tafiya wasu daga cikin ƙwayoyin suna maƙalewa a hanya, ba sa ƙara aiki har abada. Shi ya sa ake auna tsawon ran batir da zagayen caji. Zagaye ɗaya shi ne a cinye abin da ya kai cikakken caji guda, ko a lokaci ɗaya, ko rabi yau rabi gobe. Kamfanin Apple ya bayyana cewa an tsara batirin iPhone 14 da na waɗanda suka gabace ta ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan zagaye 500, na iPhone 15 kuwa bayan zagaye 1,000. Wanda ke cinye cajinsa kullum zai cika zagaye 500 kafin shekara ɗaya da rabi.

Waɗannan alƙaluma kuwa na yanayi mai kyau ne. Babban abokin gābar batirin lithiyam zafi ne, don yana hanzarta lalacewar sinadaran ciki ko da ba a amfani da wayar. Apple da kansa yana gargaɗin a guji amfani da waya ko cajinta a zafin da ya wuce maki 35 a ma'aunin Salshiyos. A watan Afrilu, Sakkwato da Maiduguri da Yamai suna wuce maki 40 a inuwa. Wayar da direba ya ajiye a gaban mota rana na dukanta, ko wadda ke rumfar kwanon mai caji tare da wasu hamsin suna ta hura wa juna zafi, ko wadda aka tura ƙarƙashin matashin kai a jone, tana tsufa da saurin da ba a lissafa ba a ɗakin gwajin kamfani. Wato maganar canjin batir ta fi shafar mutanen ƙasashe masu zafi a kan mutanen da suka ƙera wayar.

Alamun gajiya sanannu ne. Caji ya nuna 30 sai waya ta mutu ɗif. A cire ta daga caja da safe, kafin azahar ta yi ja. Wani lokaci batirin ya kumbura saboda iskar da ke taruwa a ciki, ya tura murfi ko ya ɗaga sikirin daga gefe. Duk wannan ba ya nufin an yi sakaci ko an sayi marar kyau. Batir abu ne mai cinyewa tun asalinsa, kamar lagwani a fitilar ƙwai, kuma ba a taɓa yar da fitila don lagwaninta ya ƙare ba.

Yadda aka rufe murfin

iPhone ta farko ta fito a 2007 da batir a rufe ciki, abin da ya jawo ƙorafi a lokacin don ba a saba ba. A 2008 kamfanin ya yi haka da kwamfutarsa siririya MacBook Air. A 2012 ya fitar da MacBook Pro mai allon Retina, batirinta manne da gam a jikin gangar. Kamfanin iFixit na Kalifoniya, wanda Kyle Wiens da Luke Soules suka kafa a 2003, mai kwance na'urori yana ba su maki bisa sauƙin gyara, ya ba wannan kwamfuta 1 cikin 10. Tun kafin nan Apple ya fara ɗaure iPhone 4 da wasu ƙananan sukurori masu kan fure mai kunne biyar, waɗanda sukundireban da ke hannun jama'a ba ya kamawa.

Sauran kamfanoni sun ɗan ja da baya, sannan suka bi sahu. Galaxy S5 ta Samsung, ta 2014, tana da murfi mai cirewa da hannu. Galaxy S6 da ta biyo ta a 2015 ta zo a manne. A ɓangaren kwamfuta, tsofaffin Dell da HP da ThinkPad da har yanzu suka cika kasuwannin 'yan gwanjo suna da sakata biyu a ƙasa, a ja su batir ya zame. Sababbi sun mayar da shi ciki. Wasu da sukurori kawai suka ɗaure shi, wannan da sauƙi. Wasu kuwa sun wuce gona da iri: Surface Laptop da Microsoft ya fitar a 2017 sifili ta samu wurin iFixit, don sai da aka yayyanka saman da wuƙa kafin a kai ga cikinta, kuma ba ta mayuwa yadda take.

Kamfanoni suna da hujjoji, kuma adalci ne a saurare su. Batir mai cirewa yana buƙatar kwanson roba mai tauri don kada farce ko makulli ya huda shi, yana kuma buƙatar gurbi da bango tsakaninsa da fanel. Idan aka cire waɗannan, wurin da suka bari sai a cika shi da ƙarin batir, ko a sirantar da waya. Gam kuma yana taimakawa wajen hana ruwa da ƙura shiga. Duk gaskiya ne.

Sai dai ba ita ce gaskiyar duka ba. Galaxy S5 ɗin nan mai murfi tana da shaidar IP67, wato ƙura ba ta shiga, kuma tana jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30. Wani zoben roba ne a jikin murfin ke yin aikin. Har yau Samsung na ƙera wayoyin XCover don ma'aikatan masana'antu, masu jure ruwa, masu batir da ake cirewa da hannu. Ashe abu ne mai yiwuwa. An zaɓi gam ne don ya fi arha a masana'anta, waya ta fi kyan gani a talla, kuma babu kamfanin da ke asara idan mai waya ya yanke shawarar sayen sabuwa.

Wani lokaci zaɓin kan juyo kan mai shi. A watan Agustan 2007 Nokia ya sanar cewa batura BL-5C miliyan 46 da kamfanin Matsushita ya ƙera masa na iya yin zafi fiye da kima lokacin caji. Maganin bai wuce mai waya ya buɗe murfi ya duba lambar da ke jikin batir ba, a aiko masa da sabo kyauta, wayarsa na hannunsa. Shekara tara bayan haka irin wannan matsala ta faɗa wa Galaxy Note 7. Ta fito a Agustan 2016, cikin makonni rahotannin kama wuta suka fara fitowa, a farkon Satumba Samsung ya nemi a dawo da wayoyi miliyan 2.5. Waɗanda aka bayar a madadinsu su ma suka kama wuta. A Oktoba aka daina ƙera ta gaba ɗaya, hukumomin Amurka suka hana shiga jirgin sama da ita, kamfanin kuma ya ƙiyasta asarar sama da dala biliyan 5. Laifin na batir ne kaɗai, amma da yake a manne yake, sai ya tafi da waya sukutum.

Wayar da ke rage gudu a ɓoye

A ƙarshen 2017 masu tsofaffin iPhone suka lura cewa wayar da ta yi nauyi tana dawowa garau da zarar an sa mata sabon batir. John Poole, mai manhajar auna saurin na'urori ta Geekbench, ya tattara alƙaluma ya nuna cewa da gangan ake rage gudun. A watan Disamba Apple ya amsa. Bayaninsa shi ne tsohon batir ba ya iya ba da wuta mai ƙarfi farat ɗaya, waya sai ta mutu, don haka manhajar ke rage wa injin gudu. A fannin fasaha wannan dabara ce mai ma'ana. Aibin shi ne ba a gaya wa kowa ba. Mutum ya ga wayarsa ta yi sanyi, ya ɗauka tsufa ne, ya je ya sayi sabuwa, alhali batir kawai take nema.

Kamfanin ya nemi afuwa, ya sauke kuɗin canjin batir daga dala 79 zuwa 29 na tsawon 2018, ya kuma ƙara wurin duba lafiyar batir a cikin saitin waya. A Fabrairun 2020 hukumar kare masu saye ta Faransa ta ci shi tarar yuro miliyan 25, a Amurka kuma ya amince ya biya har dala miliyan 500 don sasanta ƙarar da jama'a suka shigar. Abin da ya fi bayyana lamarin shi ne wasiƙar da shugaban kamfanin, Tim Cook, ya rubuta wa masu hannun jari a Janairun 2019. Cikin dalilan da ya lissafa na raguwar cinikin sababbin iPhone har da cewa mutane sun ci moriyar canjin batir mai rahusa. Daga bakin mai sayarwa ke nan aka ji cewa batir mai araha yana tsawaita ran waya.

Bayan gam da sukurori, akwai wani makulli da ido ba ya gani. Kamfani na iya sa wa batir ɗan guntun lantarki mai lamba, ya ɗaura lambar da fanel ɗin waya guda. A 2019 iFixit ya nuna cewa idan aka ɗauko batirin Apple na asali daga wata iPhone XS aka sa wa 'yar'uwarta, wayar na fito da saƙon cewa ba ta tabbatar da ingancinsa ba, ta kuma ɓoye bayanin lafiyar batir. Wayar tana aiki, amma mai ita ya koma gida yana zargin mai gyara da sa masa jabu. Sai a 2024 kamfanin ya sassauta, ya buɗe hanyar amfani da kayansa na asali da aka ciro daga wata wayar.

Doka ta shigo

Faransa ce ta fara. Daga 1 ga Janairun 2021 ta wajabta a liƙa makin sauƙin gyara, daga sifili zuwa 10, kusa da farashin waya da kwamfutar tafi-da-gidanka da wasu kayan lantarki, don mai saye ya gani kafin ya biya. A Amurka jihohi ne ke yin nasu: New York ta sa hannu a kan dokar 'yancin gyara a ƙarshen 2022, Kalifoniya ta biyo baya, Oregon kuma a 2024 ta hana amfani da ɗaurin lamba don toshe gyara.

Mafi nauyi su ne dokoki biyu na Tarayyar Turai, duka na 2023. Ta farko, mai lamba 2023/1670, ta fara aiki ranar 20 ga Yunin 2025. Duk sabuwar babbar waya mai shafawa da za a sayar a can dole batirinta ya riƙe kashi 80 bayan zagaye 800. Dole a samar da kayan gyara har shekara 7 bayan an daina sayar da samfurin. Dole a ci gaba da sabunta manhaja aƙalla shekara 5. Wata dokar da ta zo tare da ita kuma ta sa a haɗa wayar da takarda mai nuna matakin sauƙin gyara daga A zuwa E. Ta biyu, mai lamba 2023/1542, ta shafi batura baki ɗaya. Sashe na 11 nata ya ce daga 18 ga Fabrairun 2027 dole mai na'ura ya iya cire batir ya sa wani da kansa, da kayan aikin da ake samu a kasuwa, ba tare da zafi ko ruwan narkar da gam ba. In ana buƙatar wani kayan aiki na musamman, sai kamfani ya haɗa shi da na'urar kyauta. Ta kuma hana amfani da manhaja wajen ƙin karɓar batirin da ya dace.

Kada a ɗauka murfin da ake ɓallewa da farce ne zai dawo. Dokar ba ta ce haka ba. Sukundireba da sukurori sun wadatar. Ban da haka, dokar wayoyi ta bar wata ƙofa: idan batir na riƙe kashi 80 bayan zagaye 1,000, kuma wayar na jure nutsewa a ruwa, kamfani na iya barin canjin batir a hannun ƙwararren mai gyara. Manyan wayoyi masu tsada da yawa za su bi ta wannan ƙofar. Rauni ne a dokar, domin zagaye 1,000 ma ƙarewa yake, kuma wanda zai tarar da ƙarshensa shi ne mai saye na biyu ko na uku.

Duk da haka abin da aka yanke a Turai yakan iso ko'ina, don kamfani bai cika son ƙera abu iri biyu ba. An ga haka a bakin caja. Tarayyar ta wajabta USB-C daga ƙarshen 2024, sai iPhone 15 ta fito da shi a 2023 a duk duniya, har da wadda ake sayarwa a Kano.

Wasu ba su jira doka ba. Fairphone, ƙaramin kamfani a birnin Amsterdam na Holan, tun 2015 yake ƙera waya da ake kwancewa gunduwa-gunduwa, Fairphone 2 ta samu 10 cikin 10 wurin iFixit. Framework na Amurka ya fitar da kwamfuta a 2021 da sukundireba a cikin kwalinta, kowane sashe da alamar da ake ɗauka da kyamara ta kai mutum ga bayanin canza shi. Nokia G22 ta 2023 an tsara ta yadda mai ita zai canza batir cikin mintuna kaɗan. Manyan ma sun motsa: a iPhone 16 ta 2024 an sa wani gam da ke sakin batir idan aka jona masa ƙaramin batir mai bolt 9, Surface Laptop ta 2024 kuma ta tashi daga sifilin ta 2017 zuwa 8 cikin 10.

A kan teburin mai gyara

A Farm Centre ta Kano, ko Computer Village da ke Ikeja a Legas, ko Banex a Abuja, ba a jira wata doka ba kafin a iya buɗe waya. Dubban matasa na cin abinci da wannan sana'a, yawanci sun koye ta ne a gaban wani oga. Ga yadda canjin batir ke gudana a waya mannanniya. Mai gyara zai hura wa gefen murfi iska mai zafi har gam ya yi laushi, ya zura siririn faifai ya bi gefe a hankali, don ƙarƙashin murfin akwai 'yan wayoyi sirara kamar takarda, na hoton yatsa ko na sikirin, da kuskure kaɗan ke tsinkewa. Sai ya kwance sukurori, ya cire haɗin batir. Nan aikin ya fi haɗari. In akwai harshen gam da aka tanada don ja, ya ja shi sannu. In ya tsinke ko babu shi, sai ɗigon sinadari da haƙuri. Batirin waya ta zamani ba shi da kwanso, jaka ce mai laushi. In aka lanƙwasa shi ko ƙarfe ya huda shi, faifan ciki su haɗu, hayaƙi ya tashi, wuta ta biyo. Shi ya sa gwani yake son a kawo masa waya cajinta ya yi ƙasa, kuma ba ya ɗaga batir da bakin sukundireba.

Aikin da ya kasance na daƙiƙa goma a zamanin BL-5C ya zama na rabin awa ko fiye, da kuɗin hannu, da fargabar fashewar murfi. Bayan an rufe kuma, in ba a sa gam mai kyau ba, kariyar ruwa ta tafi.

Babbar matsalar ba hannun masu gyara ba ce, kayan ne. Batirin asali yana wuyar samu ga wayar da kamfaninta ba shi da ofishi a kusa, sai jabu ya cike gurbin. Akwai tsohon batir da aka sake wa riga, akwai wanda aka buga masa lambar mAh, wato ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka, da ta ninka ta asali alhali girmansu ɗaya, abin da ba ya yiwuwa. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Infinix da itel, yana da cibiyoyin gyara na Carlcare a manyan birane, wannan ya sauƙaƙa wa masu waɗannan wayoyi. Ƙananan wayoyi masu madannai kuwa har gobe da murfi mai cirewa suke zuwa, ɗaya daga dalilan da ya sa manomi da makiyayi da ɗan kasuwar ƙauye ba su rabu da su ba. Amma mai sayen babbar waya ko kwamfuta ta hannu, wadda ta yi shekara biyu ko uku a Ingila ko Amurka kafin ta ƙetaro, ya sani cewa mafi kyawun zagayen batirinta an riga an cinye su a can. Shi ne wanda tanadin kayan gyara na shekara 7 zai fi yi wa rana, in kayan suka samu hanyar isowa kasuwarsa.

Akwai kuma abin da ake zubarwa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a 2022 duniya ta tara tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma kashi 22.3 cikin 100 kaɗai aka tabbatar an tattara an sarrafa ta hanyar da ta dace. Mafi yawan gurɓatar iskar da waya ke jawowa a rayuwarta ana yin ta ne wajen ƙera ta, kafin a kunna ta ko sau ɗaya. Kobalt ɗin da ke cikin batirinta, kimanin kashi 70 na abin da duniya ke haƙowa daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, wani ɓangare daga ramukan da mutane ke tona da hannu. Wayar da aka ƙara wa shekara biyu da sabon batir ta rage wannan duka, ta kuma bar wa mai ita kuɗinsa.

Abin da ke hannun mai waya

Tsohuwar al'adar barin sabuwar waya a caji awa takwas, ko jira sai ta mutu kafin a jona, gadon baturan da suka gabaci lithiyam ce, yanzu ba ta da amfani. Batirin lithiyam ya fi daɗewa in yana zama tsakanin kashi 20 da 80, kuma wayoyi da kwamfutoci da dama suna da saitin tsayar da caji a 80 ko 85. A raba shi da rana, a cire riga mai kauri in waya ta ɗau zafi a caji. Batirin da ya kumbura ba a huda shi da allura don a sace iskar, ba a danne shi, ba a sake jona shi; a kashe na'urar a kai ta wurin gyara. In mai cirewa ne, ana gane kumburi da kwantar da shi a kan tebur a juya: lafiyayye ba ya juyawa, mai ciki kuwa sai ya yi ta zagaye. Mataccen batir kuma ba ya shiga bolar da za a cinna wa wuta. A liƙe bakinsa da salatif a bar shi wurin mai gyara.

Wajen saye, tambayar batir ta cancanci ta zo tare da tambayar kyamara. A iPhone ana ganin lafiyarsa da lamba a cikin saiti. A kwamfuta mai Windows, rubuta umarnin powercfg /batteryreport na fitar da rahoto mai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da wanda ya rage masa yau. A juya kwamfutar a duba: sukurori a fili alama ce mai kyau. Sannan kafin a biya, a tambayi mai gyara, ba mai sayarwa ba, ko batirin wannan samfurin yana samuwa a kasuwa, nawa ne, kuma ta baya ake shiga ko sai an ɗaga sikirin.

Aikin wannan mako

Kowane ɗalibi ya duba wayar da ke hannunsa ya rubuta sunanta, shekarar da ya saye ta, sabuwa ko ta hannu, da ko batirinta na cirewa. Ya ƙiyasta zagayen cajin da ta yi daga yawan cajin da yake cinyewa a rana. Sannan ɗalibai su kasu uku-uku, kowace ƙungiya ta ziyarci mai gyara ɗaya a unguwarsu, ta nemi izininsa ta tambaye shi kuɗin batir da kuɗin aiki na wayoyi uku daban-daban, wace ce ta fi ba shi wahalar buɗewa, yadda yake bambance na asali da jabu, da inda yake kai matattun batura. A darasi na gaba za a rubuta amsoshin a allo, a ɗora kuɗin canjin batir kusa da kuɗin sabuwar waya irinta, kowa ya fitar da kashi nawa ne cikin ɗari.